Na sa wufa a mota, yanzu but yana gurnani: in zare soket ɗin makirfo ko in haƙura?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kafin a ba ni amsa. Motata mai silinda shida ce, irin wadda ke kashe uku idan an miƙe hanya don ta rage shan mai. Sati biyu ke nan da na sa mata wufa, wato babbar sifikar bes, inci 12 da amfilifaya a but. Rediyon da ta zo da shi ban taɓa ba, mai rewaya ya jawo sautin ne daga wayar sifikun baya. Kiɗa kam ya fito, ba laifi. Amma da zarar na daidaita ƙafa a totur, allurar juyin inji na tsakanin 1,500 da 2,000, sai wani gurnani ya taso daga baya, wuum wuum, har madubi na kakkarwa. Ko na rage murya gaba ɗaya yana nan. Wani lokaci a tsaye ma yana yi, amma ina buɗe ƙofa sai ya ɗauke ɗif. An riga an canza wayar bodi, wadda ke haɗa amfilifaya da ƙarfen mota, har sau biyu, ba ita ba ce. Mai rewaya ya ce na'urar kashe ƙarar inji ce da motar ta zo da ita, wai ANC, mai aiki da makirfo, a zare soket ɗinta a huta. Tambayata biyu ce. In an zare, rugugin inji zai dame mu? Sannan makirfon da nake amsa kira da shi zai mutu? Ranar Asabar ina da doguwar tafiya da iyali.

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Wayar bodi ce. Ka sa a kankare fenti har ƙarfe ya fito, a ɗaure ta tamau. Ni haka tawa ta yi min.

Baban Ummi:
Malam Direba, ai na faɗa a sama, sau biyu aka canza ta.

Direban Dare:
To a canza ta uku.

Ɗan Baiwa:
Ni da na ga ANC na ɗauka jam'iyyar Mandela ce ta shiga but ɗinka. In su ne ai gurnani dole, taro suke.

Alhaji Mai Tsohuwar Mota:
Baban Ummi, zauna ka ji abin da ya same ni, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata takwas na yi a cikin wannan bala'in. Nawa gurnanin ya fara ne kwana ɗaya bayan yarona ya matsa min aka sa wufa, amma da yake ba ya tsayawa in an kashe kiɗa, ko kusa tunanina bai kai can ba. Bakanike na farko ya ce injin sit ne, aka canza duka. Na biyu ya ce salansa ta fashe ta ciki, aka yanke aka yi walda. Na uku ya rantse min boris ɗin tayar baya ne. Aka zo kan altaneta, ita ma aka sauke lafiyayyiya aka sa wata. Kowa zai karɓi kuɗi, ya zagaya da motar a hankali cikin unguwa da gilashi a sauke, ya dawo ya ce Alhaji ta yi. Ina hawa babban titi in ɗaga gilashi sai abin ya dawo kamar ana buga tambari a bayan kujera.

Uwargida ta daina shiga motar, ta ce kanta ke sarawa. Surukata ta ce a kira masu ruƙiyya. Ni kaina sai da na fara zargin ko kunnena ne ya sami matsala, domin in na sauka ma ina jin abin a ƙirjina. A ƙarshe na sayar da ita da asara, na kuma gaya wa mai saye gaskiya cewa tana da ciwon da aka kasa ganewa, ya rage min kuɗi son ransa. Bayan kwana uku mai sayen ya kira ni yana dariya, wai ƙaninsa ya buɗe ƙasan dashbod ya zare wani ɗan soket, minti biyar, mota ta yi tsit. Wallahi na fi minti goma riƙe da waya ban ce komai ba. Wata takwas ana dukan taiki an bar jaki.

Maman Biyu:
Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Amma ai da ka cire fiyus ɗin amfilifaya na yini guda da ka gane.

Alhaji Mai Tsohuwar Mota:
Hajiya, bayan an sayar kowa malami ne. A lokacin babu wanda ya faɗa min haka, har ɗan da ya jawo min.

Injiniya S.:
Bari in ɗan warware yadda abin yake, don a daina canza kayan da ba su yi laifi ba. Dabarar tsohuwa ce, wani Bajamushe Paul Lueg ya sami rajistar ta a Amurka tun 1936: in ka fitar da sauti daidai da wani amma a juye, inda wancan ya tura iska wannan ya janye, sai su kashe juna. Nissan ta sa shi a Bluebird a farkon shekarun 1990, Honda kuma ta haɗa shi da injin da ke kashe silinda a Odyssey ta 2005. Dalili a bayyane yake. Silinda uku a juyi 1,800 a minti suna bugawa sau 45 a daƙiƙa, kuma irin wannan ƙugin mai zurfi soso da kafet ba sa tare shi sai an lafta masu nauyi. To sai kwamfutar motar ta karanta juyin inji, ta aika kishiyar ƙugin ta sifiku, ƙananan makirfo da ke silin su gaya mata abin da ya rage ta gyara.

Matsalar Baban Ummi ita ce an jawo sauti daga wayar sifika, kuma a cikin wayar nan akwai kiɗa, akwai wannan kishiyar ƙugin. Amfilifaya ba ta san bambanci ba, ta ɗauka duka ta ninka ta ba wufa. An auna na'urar ne da ƙananan sifikun ƙofa, a inda suke, da ƙarfinsu. Yanzu ga wani ƙato a but yana amsawa da ƙarfi kuma a makare. Makirfo ya ji ƙara ta ƙaru, na'ura ta ƙara ƙaimi, wufa ya sake ninkawa. Shi ya sa rage muryar rediyo bai hana ba, saƙon ba ta maɓallin murya yake bi ba. Buɗe ƙofa kuwa, a motoci da dama na'urar tana tsayawa in an buɗe. Ƙarar wayar bodi daban take, siririya ce kamar kukan sauro, tana hawa in ka taka totur.

Oga Rewaya:
Turanci ya yi yawa. Shekara ashirin ina wannan aiki, na zare soket ɗin nan a motocin da ban san adadinsu ba, babu wanda ya dawo. Ko kuɗi ba na karɓa in ni na sa wufan. Ka zare kawai.

Injiniya S.:
Oga, ban ga Turanci a abin da na rubuta ba. Kuma wanda bai dawo ba, mai yiwuwa wurin wani ya tafi.

Oga Rewaya:
Yallaɓai, ka taɓa kwance silin mota da hannunka? Ka san yadda kilif ɗin ke karyewa? Ku a takarda kuke gyara, mu a rana.

Maman Biyu:
Ku yi haƙuri, ni ganau ce ba jiyau ba. Maigidana ya sa aka zare a tamu, irin mai kashe silinda ce ita ma. A cikin gari ba za ka ji komai ba, gaskiyar Oga ce. Amma a doguwar hanya, in ta koma silinda uku, akwai wani ƙugi da ke zama a kunne, ba mai ƙarfi ba, sai dai bayan awa biyu za ka ji ka gaji ba ka san dalili ba. Yara a baya su suka fi kuka da shi. Kuma ga abin haushi, sai ka ƙara murya kafin ka ji kiɗan da kyau, domin ƙugin yana zaune daidai inda ganga da bes suke, ya rufe su. Wato wufan da aka sa don bes, rabin aikinsa faɗa da inji ne. Mun mayar da soket, mun cire wufa, yana nan a ɗakin ajiya.

Ɗan Baiwa:
Hajiya a ba ni wufan sadaka, tawa motar ba ta da ANC, ba ta da AC, ƙofa ɗaya ma da igiya nake ɗaure ta.

Mai Son Bes:
Ni akasin haka na gani. Ko kafin in sa komai, ina jin kamar na'urar tana cinye min ƙasan kiɗa, ga wani toshewar kunne kamar a jirgi. Ranar da aka kashe ta sai na ji bes ya cika motar. Makirfo ai ba ya da hankali, duk abin da ya ji mai zurfi zai kashe, har da gangar waƙa.

Injiniya S.:
Ɗan'uwa, ba haka take aiki ba. Ba duk abin da makirfo ya ji take bi ba, tana farautar sautin da ya yi daidai da juyin inji ne, kuma kiɗan da rediyo ke fitarwa ta san shi tunda ta hannunta ko ta kusa da ita yake wucewa. Zai iya yiwuwa wani bugu ya faɗo daidai kan zangon da take aiki ta ɗan taɓa shi, amma cinye bes gaba ɗaya, a'a. Ina zargin ƙugin inji ne ya dawo ka ɗauke shi bes. Muryar mawaƙi kuwa ba ta isa ta taɓa ba: sauti mai bugu 45 tsawon zangonsa ya haura mita 7, ya fi ɗakin motar, shi ya sa ake iya kashe shi ga kowa a ciki. Mai bugu 1,000 santimita 34 ne kacal, ka juya kai kaɗan lissafi ya rushe.

Mai Son Bes:
To kunnena ne ko naka? Ni na zauna a motar.

Baban Ummi:
Na gode duka. Amma har yanzu ba a taɓa maganar makirfon kira ba. Kuma babu wata hanya ta tsakiya, in bar na'urar in bar wufa?

Kawu Sitiriyo:
Akwai. A ɗauko sautin daga inda bai riga ya gauraya da saƙon kashe ƙara ba, wato kafin amfilifayar da motar ta zo da ita, in irin taka ta ba da dama. Ko ka sa akwatin tace sauti da ake saitawa da kwamfuta. Sai dai ka shirya, nawa ya kusa kuɗin wufa da amfilifaya a haɗe.

Direban Dare:
Kawu an yanke ka. Wata 'yar waya ce ake sayarwa mai soket biyu, ko kashi ɗaya cikin goma na kuɗin wufa ba ta kai ba.

Kawu Sitiriyo:
Wannan wayar kashe na'urar take yi, daidai take da zare soket, an dai sa mata kwali mai kyau. Ba abu ɗaya muke magana ba.

Oga Rewaya:
Shi ya sa na ce kyauta. Ku je ku yi ta sayen kwali.

Alhaji Mai Tsohuwar Mota:
Ni abin da ya fi ƙona min rai, me ya sa ba za su sa maɓalli ba? Na hita akwai, na goge gilashi akwai, amma abin da ke magana ta sifikuna ba tare da izinina ba an ɓoye shi a bayan dashbod. Ko a littafin motar ban ga inda aka yi bayaninsa da kyau ba.

Hajiya Mai Tuƙi:
Alhaji ai naka mai sauƙi ne, taka rage ƙara take yi. Tawa ƙarawa take. Shekara guda ina alfahari da kukan injina in na taka, ina cewa ji namijin inji. Ran nan aka cire fiyus ɗin sauti ana wani gyara, na fita gwaji, sai na ji mota ta koma kamar keken ɗinki. Ashe duk rurin nan daga sifika yake fitowa. Na ji kunya kamar an kama ni da kayan aro.

Injiniya S.:
Wannan ya zama ruwan dare, Hajiya. BMW M5 ta 2011 ta yi suna da shi, Golf GTI ma tana da wata 'yar na'ura a gindin gilashin gaba da ke girgiza shi don ƙara kukan inji. Injuna sun ƙanƙance, na'urar tabo mai cusa wa inji iska tana danne kukansu, ɗaki kuma an toshe shi sosai, sai aka mayar wa direba sautin ta wata hanya. Sau da yawa akwati ɗaya ne ke yin aikin biyu, ya kashe ƙugin da ba a so ya ƙara wanda ake so. Sababbi ma sun wuce inji, Genesis GV80 ta 2020 tana da na'urori a ƙafafunta masu jin girgizar titi don kashe ƙarar taya.

Mai Son Bes:
Ni ban ga laifi ba. In ya yi daɗi a kunne, ina ruwana da inda ya fito? Kiɗan da muke ji ma ai ba makaɗa ne a but ba.

Hajiya Mai Tuƙi:
Kiɗa ni na kunna shi, kuma ina iya kashewa. Wannan fa? Ina sauraron karatu a hankali, in taka totur in wuce babbar mota, sai rurin ƙarya ya hau kan muryar mai karatu.

Ɗan Baiwa:
Injiniya, tambaya ta ilimi. In na liƙa hoton yarana a jikin makirfon silin, za ta gane su ta kashe min faɗan kujerar baya?

Maman Biyu:
In an samu wannan a sa ni a layi.

Oga Rewaya:
Duk ba wannan ba, ku bari ku ga sababbin da komai yana cikin allo. Jiya aka kawo min wata, don a rage bes kawai sai da muka shiga shafi huɗu, mai motar na tsaye a kaina. Can kuma babu soket ɗin zarewa ma, na'urar tana cikin amfilifaya, sai an jona kwamfuta. Aikinmu suke so su kashe.

Alhaji Mai Tsohuwar Mota:
Ai shi ya sa na koma tsohuwa. Murɗa biyu ne a rediyona, ɗaya murya ɗaya tasha.

Baban Ummi:
Jama'a gobe Juma'a fa. Na dai cire fiyus ɗin amfilifaya kamar yadda Maman Biyu ta ce, gurnani ya tsaya, wufa na but yana cin wurin jaka biyu a banza. Makirfon kiran fa, ɗaya ne da na silin ko daban?

Direban Dare:
Ka duba wayar bodi tukuna.