Ta'addancin yau da na jiya: shawarwarin da aka bayar

An yi tambaya kan yadda za a kwatanta ta'addancin yau da na jiya. Mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce kada sabbin makamai su ruɗi mai nazari. Manufar tana nan yadda take: a firgita jama'a don a tanƙwara hukuma. Abin da waɗanda suka kashe sarkin Rasha a 1881 suka nema ke nan.

Wasu suka ce a dubi wa ake kai wa hari. 'Yan IRA, ƙungiyar da ta yaƙi mulkin Birtaniya a Ireland ta Arewa, a lokacinsu sukan buga waya su yi gargaɗi kafin bam ya tashi, ko da yake ba kullum ba. Harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka kuwa ya ci rayuka kusan 3,000 ba zato ba tsammani. Ni nan na fi karkata.

An kuma ba da shawarar a kwatanta rikicin Maitatsine na 1980 a Kano da Boko Haram, wadda bidiyonta ya riƙa yawo a wayoyi.