Muhawarar da aka yi kafin a fara kakar 2025: Arch Manning zai kai Jami'ar Texas ga kofin ƙwallon Amurka a kakar, ko katangar da ke gabansa ce za ta yanke hukunci?

Nasiru:
Salamu alaikum jama'a. Jadawalin share fagen kaka na kamfanin dillancin labarai na AP, mai jera ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu, ya fito ranar 11 ga Agusta, 2025, ya ɗora Texas a lamba ɗaya, abin da jami'ar ba ta taɓa samu ba kafin a fara wasa. Ni dai na tsayar da magana: kofin ƙwallon Amurka na jami'o'i na bana na Texas ne. Shekara biyu a jere mai horar da su Steve Sarkisian yana kai su wasan kusa da na ƙarshe, Washington ta tare su da 37-31, Ohio State ta tare su da 28-14. Abin da ya rage musu shi ne mai jifa (ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo) da ke da ƙafar gudu, kuma ga shi Allah ya kawo. Bara Arch Manning ya yi jifa 90, 61 suka shiga hannu, yadi 939, tacdawun 9 (wato kai ƙwallo bayan layin abokan hamayya), sau 2 kacal abokan hamayya suka cafe masa, ya ƙara 4 da gudu. Jikan Archie ne, Peyton da Eli baffanninsa ne, dukansu shahararrun masu jifa, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Rabon Texas da kofi tun kakar 2005, zamanin Vince Young. Bana ne.

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Nasiru, alƙalumanka daidai ne, amma ka duba a kan wa aka tara su. Wasa biyu Arch ya fara bara: Louisiana-Monroe da Mississippi State. Ta biyun wasa 2 ta ci cikin 12 a duk kakar. Waɗancan cafewa biyu kuma duka a wasan Louisiana-Monroe aka yi masa su. Ranar da ya ga tsaro na gaske, wato da Georgia a Austin cikin Oktoba, an sako shi dab da hutun rabin lokaci, aka kayar da shi, ƙwallo ta kuɓuce masa, aka maido Quinn Ewers, mai jifan Texas na farko bara. Ba ina rage yaron ba ne, yana da hannu yana da ƙafa.

Damuwata tana kan katanga, wato mutum biyar da za su tsaya a gabansa su kare shi. Cikin biyar na bara huɗu sun tafi: Kelvin Banks na gefen hagu, wanda New Orleans ta ɗauka a lamba 9 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, gasar ƙwararru ta Amurka, da Hayden Conner, da Cameron Williams, da Jake Majors na tsakiya wanda ya fara wasa sama da 50. DJ Campbell kaɗai ya rage. Kuma ko da waɗancan ƙwararrun, a wasa biyu da Georgia gudun Texas bai kai yadi 40 ba a kowanne. An ci su 30-15 a gida, aka sake cin su 22-19 a Atlanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Nasiru:
Malam, ai ba daga titi aka kwaso sababbin ba. Trevor Goosby shi ya tsaya gefen hagu a wasan Atlanta da Banks ya ji rauni, ya kuma tsaya gefen dama a wasan Arizona State. Cole Hutson da zai riƙe tsakiya tun 2022 ya fara wasa a matsayin ɗan shekarar farko. Kyle Flood da ke horar da su yana nan tun zuwan Sarkisian a 2021.

Malam Habu:
Kowannensu shi kaɗai ba ni da ja a kansa. Aikin katanga aikin haɗin baki ne, bari in faɗa maka inda yake lalacewa. Kafin a saki ƙwallo, na tsakiya ne ke nuna ɗan tsaron da za a ƙirga daga kansa, daga nan kowa ya san wa zai tare. A gida ana yin haka da baki. A Columbus, gidan Ohio State inda za a buɗe kaka, gaban mutum sama da dubu 100 masu ihu, na gefe ba ya jin muryar mai jifa ko kaɗan. Sai a koma ishara: mai jifa ya ɗaga ƙafa ko ya tafa hannu, wanda ke kusa da na tsakiya ya taɓa shi, na tsakiya ya sunkuyar da kai ya ɗago, sannan ya saki. Na gefe yana kallon ƙwallo da wutsiyar ido, yana kuma kallon mai kawo masa hari. In ya riga motsi, hukunci ne, a ja su baya yadi 5. In ya makara da rabin taku, an wuce shi ta waje.

Abu na biyu shi ne musayar hari. 'Yan tsaro biyu sukan gitta: na waje ya faɗo ciki, na ciki ya zagaya waje. Dole masu katanga biyu su miƙa wa juna mutum ba tare da magana ba, kafaɗa da kafaɗa, a layi ɗaya. Waɗanda suka yi shekara biyu tare suna yin sa ido rufe. Sababbi kuwa ɗaya zai bi mutuminsa ya bar rami, mai zagayen ya shigo ba wanda ya taɓa shi. Yunƙuri huɗu ake ba ƙungiya ta ci yadi 10; daga yunƙuri na biyu da saura yadi 6 sai ka tsinci kanka a na uku da yadi 13, nan kuwa 'yan tsaro sun san jifa ce, sai su saki jiki su yi kan Arch.

Tsarin Sarkisian ya fi kowane jin wannan ciwon. Ya dogara ne da yaudarar miƙa ƙwallo ga mai gudu don 'yan tsaron tsakiya su matso, sannan a jefa ta bayansu. Irin wannan yana son kusan daƙiƙa uku. In gudu ba ya ci, ba mai matsowa, yaudarar ta zama ɓata lokaci.

Yaya Murtala:
Malam Habu, ranka ya daɗe, a nan zan ɗan tsaya wa Nasiru. Ƙafar Arch tana canza lissafin da kake yi. Da Ewers, in ya miƙa ƙwallo ya zama ɗan kallo, mutum tara ne ke tare wa mai gudu hanya, 'yan tsaro sha ɗaya. Da Arch, ana iya barin ɗan tsaron gefe ba a tare shi ba, Arch ya karanta shi: in ya bi mai gudu, Arch ya riƙe ya fita waje, in ya tsaya, ya miƙa. An cire mutum ɗaya ke nan ba tare da an taɓa shi ba, katangar ta sami sauƙi. Mun ga haka bara a College Station, gidan Texas A&M, ranar 30 ga Nuwamba, yunƙuri na huɗu, aka sako Arch ya ruga yadi 15 ya ci, Texas ta doke Texas A&M 17-7. Mun kuma ga gudun yadi 67 da ya yi wa UTSA.

Ku tuna yadda kakar bara ta mutu. Ana 21-14, Texas na kan yadi 1 da layin Ohio State, yunƙuri huɗu a hannu. Gudu na farko aka toshe, na biyu aka wurga wa Quintrevion Wisner gefe aka kayar da shi baya yadi 7, na uku jifa ta faɗi ƙasa, na huɗu Jack Sawyer ya buge ƙwallo daga hannun Ewers ya ɗauka ya gudu yadi 83. A irin wannan wurin ne mai jifa mai jiki da ƙafa yake da rana.

Malam Habu:
Murtala, wannan gaskiya ne, na karɓa. Amma sau nawa Sarkisian zai yarda a riƙa dukan yaron a wasa ɗaya? Bara in Arch ya ji rauni akwai Ewers. Bana in ya ji rauni ba wani a bayansa da ya taɓa riƙe wannan ƙungiya. Ina sa ran za a adana gudunsa ne don yunƙuri na uku da kuma yadi 20 na ƙarshe, sauran wasan kuwa katanga ce za ta ɗauka.

Hajiya Bilki:
Ku yi haƙuri in shigo da jadawali, don shi ne kuka tsallake. Ranar 30 ga Agusta suna Columbus. Sai wasa uku masu sauƙi a gida: San Jose State, UTEP, Sam Houston. Daga 20 ga Satumba kuma ba za su sake taka filinsu na Austin ba sai 1 ga Nuwamba. A tsakani za su je Florida ranar 4 ga Oktoba, su haɗu da Oklahoma a Dallas ranar 11, su je Kentucky, su je Mississippi State. Sannan Vanderbilt a gida, wadda bara da ƙyar suka sha da 27-24. Sannan Athens ranar 15 ga Nuwamba, inda, zuwa farkon kakar 2025, rabon Georgia da a ci ta a gida tun 2019. Su rufe da Arkansas da Texas A&M.

Kada 49-17 ɗin da suka yi wa Florida bara ya ruɗi kowa, mai jifan Florida DJ Lagway bai buga ba ranar. Da ya dawo, a gidansu na Gainesville suka doke LSU da Ole Miss cikin Nuwamba. Oklahoma ma da aka yi wa 34-3 ta sauya mai jifa, ta kawo John Mateer daga Washington State.

Ga lissafin da ya dame ni. Gurbi 12 ne a zagayen sili ɗaya ƙwale, 5 na zakarun rukuni. Faɗuwa biyu ba ta kashe kaka, Ohio State ta faɗi hannun Oregon da Michigan bara ta kuma ɗauki kofi. Faɗuwa uku kuwa ta bar Alabama da Ole Miss da South Carolina a waje. Clemson ce ta shiga da uku, don ta ci kofin rukuninta. To in Texas ta faɗi a Columbus da Athens, wanda ba abin mamaki ba ne, ba ta da sauran kuskure ko ɗaya a Oktoba.

Nasiru:
Hajiya, Ohio State ɗin ma ba ta bara ba ce. 'Yan wasa 14 aka ɗauke mata a zaɓen NFL, Texas 12. Sawyer ɗin ya tafi. Jim Knowles mai tsara tsaronsu ya koma Penn State, Chip Kelly mai tsara harinsu ya koma Las Vegas, mai jifarsu Will Howard ya tafi. Su ma sabon hannu za su sa. Me ya sa ake ƙirga wa Texas faɗuwa tun ba a buga ba?

Hajiya Bilki:
Ban ƙirga ba, ƙanena, cewa na yi ba abin mamaki ba ne. Mai cafewarsu Jeremiah Smith yana nan a kakar 2025, ɗan tsaronsu Caleb Downs ma haka, kuma a gidansu ne. Ka kuma riƙe wannan: rabon da ƙungiyar da AP ta sa lamba ɗaya kafin kaka ta ɗauki kofi tun Alabama a 2017.

Yaya Murtala:
Smith ɗin da Hajiya ta ambata, ƙwallo 1 ya cafe a wasansu da Texas na Janairu, yadi 3. Wannan shi ya kawo ni kan tsaro, wanda a ganina shi zai riƙe Texas har katanga ta nuna. Bara maki 15 da 'yan kai ake cin su a wasa. Pete Kwiatkowski mai tsara tsaron yana nan a kakar 2025. Anthony Hill yana tsakiya, Colin Simmons da ya kayar da mai jifa sau 9 a shekararsa ta farko yana gefe, Michael Taaffe da Malik Muhammad suna baya.

Ramuka biyu nake gani. Na farko 'yan tsaron baya Jahdae Barron da Andrew Mukuba sun tafi. Yadda aka rufe Smith shi ne a sa mutum a gabansa a sa wani a samansa, sauran kuma kowa ya ji da nasa shi kaɗai. Hakan ya yiwu ne don akwai irin su Barron da ba sa neman taimako. In sabon ɗan gefe yana son a taimaka masa, rufin biyun ya warware. Na biyu ƙattan tsakiya, Alfred Collins da Vernon Broughton sun tafi, an ciko da 'yan canjin makaranta irin su Cole Brevard daga Purdue da Travis Shaw daga North Carolina. Aikinsu su cinye masu katanga biyu-biyu don Hill ya yi yawo ba a taɓa shi ba. In mutum ɗaya ya iya ture su, na biyun zai haura kan Hill, sai ka ga ana cin yadi 5 a kowane gudu. Abin da ke kwantar da hankali shi ne, bara ma an yi wannan fargabar bayan tafiyar T'Vondre Sweat da Byron Murphy, tsaron bai ja baya ba.

Sadiya:
Yaya Murtala, a ƙara da bugun maki uku, don ba wanda ya taɓo shi. A Atlanta mai bugunsu Bert Auburn ya ɓarar da biyu, wasan kuma da maki 3 aka rasa shi bayan ƙarin lokaci. Yanzu an kawo Mason Shipley daga Texas State. Ƙungiyar da tsaronta ya fi harinta ƙarfi wasanninta a matse suke ƙarewa. Sannan masu cafewa: Matthew Golden da Isaiah Bond da Gunnar Helm duk sun tafi. Ryan Wingo da DeAndre Moore suna nan, an kawo Jack Endries daga California ya maye Helm. Helm shi ne mafakar Ewers in hari ya matso, jifar yadi 6 ta tsakiya. In Endries ya zama haka ga Arch, rabin matsalar da Malam ya zana ta ragu, don ƙwallo za ta fita kafin katanga ta tsage.

Nasiru:
To Malam, me za ka gani ka yarda da ni?

Malam Habu:
Abu uku, kuma duka a wasan Columbus, wanda za a fara ƙarfe 12 na rana agogonsu, ƙarfe 5 na yamma ke nan a Najeriya da Nijar. Kada ka bi ƙwallo da ido, ka kalli mutum biyar ɗin nan. Ka ƙirga sau nawa aka hukunta su kan riga motsi: in bai wuce ɗaya ba, ishararsu ta zauna. Ka duba Wisner da CJ Baxter, wanda ya dawo daga raunin gwiwar da ya hana shi kakar bara gaba ɗaya, ko suna samun yadi 4 a yunƙurin farko kafin a taɓa su da kyau. Ka kuma duba yunƙuri na uku, yadi nawa ya rage musu yawanci. In 3 ne ko 4, Arch zai yi abin da kake fata har da ƙari. In 8 ne ko 9, ni ina ba su cin wasa 9 cikin 12.

Hajiya Bilki:
Ni 10 na ba su, Malam, da sharaɗin su fito daga Gainesville da nasara. Suna da hutun mako ɗaya kafin wannan wasan, wani kuma kafin Athens, Flood ya sami inda zai gyara abin da Columbus ta tona.

Nasiru:
Ni ina nan kan 11 da kofi. Amma na ji, Malam, ranar 30 zan riƙe takarda da biro, daga Goosby zan fara ƙirga.