Shawarwarin da aka tara kan gyaran Ford Tudor ta 1940

A Amurka, tsohuwar motar da aka ƙera kafin 1949 aka sake mata inji da ƙafafu don hawa titi ita ake kira street rod. Da masu wannan sana'a suka tattauna kan Ford Tudor ta 1940, wata mota mai ƙofa biyu, maganar tsatsa ce ta fi cin lokaci. Suka ce a leƙa ƙasan bodi da gindin ƙofofi tun kafin a biya kuɗi, domin aikin walda yana cinye jari tun ba a je ga fenti ba. A kuma ƙara wa shasi ƙarfe, don ba a yi shi domin ɗaukar babban inji ba.

A kan inji ne kai ya rabu. Mafi yawa sun zaɓi Chevrolet 350 mai lita 5.7, saboda arhar kayan gyara. Wasu suka ce sa injin Chevrolet cikin Ford cin fuska ne, a bar ta da nata injin na asali, flathead V8 mai ƙarfin doki 85. A ganina, ga mai doguwar tafiya, masu zaɓen Chevrolet sun fi hujja.

Birki kuwa babu gardama: a sa na faifai a gaba, galibi da ƙafafun motar Ford Mustang II, sannan bakasil ɗin Ford mai inci 9 a baya. A mayar da wuta daga volt 6 zuwa 12, a sake wayarin gaba ɗaya, a ƙara girman lagireto.

Rage tsayin rufi, suka ce, sabon shiga ya bar wa gwanaye, don dole a sake yanka gilasan duka.