Neman taimako: sukari a ruwa ya rikita min lissafi

Assalamu alaikum. Malamai da 'yan uwa masu karatun halayyar ɗan Adam, don Allah ku warware min wannan, kwana uku ke nan ina kansa.

An ba mu aiki kan mafi ƙanƙantar abin da harshe, kunne ko ido ke iya ganowa. Yadda na fahimta, tun daga aikin Gustav Fechner na Jamus a 1860 ake auna wannan iyaka, kuma ana ɗaukar matakin da mutum ke ganewa sau 50 cikin 100. Misalin da aka saba bayarwa shi ne cokalin shayi ɗaya na sukari cikin ruwa galan biyu, wajen lita bakwai da rabi.

Sai na gwada a gida. Na dama a bokiti, na zuba a kofuna goma, wasu goman kuma ruwa zalla, na cakuɗa su na ba ƙanwata. Ta ce akwai zaƙi a bakwai cikin masu sukarin. Na yi murna. Ashe a ruwa zallan ma ta ce da zaƙi har sau huɗu! Ni dai ina zargin cinta kawai take yi, yarinyar ba ta son ta ce ba ta sani ba.

To yaya zan lissafa? In cire huɗun daga bakwai ne, ko akwai ƙa'idar da ake bi? Kuma washegari da ta gama shan shayi, uku kacal ta gane. Sakamakon wace rana zan rubuta?