Motocin da ke kawo wa jirgin cikin gari fasinja: me za mu kira su?

Malam Sale, Pantami:
Assalamu alaikum. A harkar jirgin ƙasa na cikin gari akwai abin da Turawa ke kira "fida": motocin da ke kwaso mutane daga unguwanni zuwa tasha, su kuma kwashe waɗanda jirgi ya sauke. Wasu na fassara kalmar kai tsaye, suna rubuta "motar ciyarwa". Duk wanda ya ji wannan a Gombe, abincin 'yan makaranta zai zata.

Injiniya Buba:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin suna, a san aikin. Masu tsara birane na lissafin mutum zai taka kamar mita 800 zuwa tasha, wajen minti goma; in ya wuce haka sai da abin hawa. Shi ne ciwon da ya kama jirgin cikin garin Abuja da aka buɗe a 2018: tashoshi da dama sun yi nesa da gidaje, wasu ma ba hanyar kirki zuwa gare su. Ya tsaya a 2020 lokacin korona, bai dawo ba sai Mayun 2024, bayan an yi aikin hanyoyin shiga tashoshin. Ni "motar kai-tasha" nake gani.

Hajiya Ladi, Jekadafari:
Injiniya, ka kai su tasha, wa zai mai da su gida? Rabin aikin ka ambata.

Ɗanjuma Direba:
Motar jigila mana, kowa ya san ta.

Injiniya Buba:
Jigila ta yi faɗi, har ta alhazai jigila ce. Kuma motar jigila sai ta cika take tashi, wannan kuwa agogon jirgi take bi. A ce an ɗora jirgi daga Tumfure zuwa tsakiyar gari, yana zuwa duk minti 15, motar kuma zuwa da dawowarta minti 45. Mota uku ke nan a layin, da ta huɗu a ajiye don faci ko gareji. Direba ɗaya ya tsaya jiran kujera biyu su cika, duk mutanen da ke ciki jirgi ya bar su. Da yamma abin ya fi muni: jirgi ya zube mutum 200 lokaci guda, keke mai ɗaukar huɗu sai an sami 50, bas mai kujera 18 sai 12. Ba a ware musu filin lodi a bakin tasha ba, titi ya toshe.

Hajiya Ladi:
To ai ka ba mu kalmar ba ka sani ba. Wanda ke riga baƙo isa tasha ya jira shi, tarya ya je. "Motar tarya". Da safe rakiya ce, gaskiya, amma mai tarya ne ba ya makara, kuma lokacin ne asalin zancen.

Malam Sale:
Ta zauna a baki: "An ƙara motocin tarya a layin Bolari." Masu cewa tarba su ce tarba.

Ɗanjuma Direba:
Ranki ya daɗe, na yarda. Sai dai in fasinja zai biya a mota ya sake biya a jirgi, keke zai hau tun daga ƙofar gida. A Legas, jirgin Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, da ya fara ɗaukar mutane a Satumban 2023, katin biyan kuɗin sufuri mai suna Cowry ake dannawa, shi ne dai na manyan bas-bas ɗinsu. Kuma ku sani, 'yan kamasho "tarya" kawai za su riƙa kira, ba mai cewa mota.

Malam Sale:
Su kira. Mun tsaya a motar tarya, jam'i motocin tarya. Saura sunan tashar da ake sauya jirgi, irin ta Idu inda na Abuja ke haɗuwa da na Kaduna. Injiniya, mahaɗa ta isa ko sai an ce tashar sauyi?