Gidaje ko ofisoshi a jikin tashar jirgin ƙasa? Mazauna Bay Area (yankin San Faransisko a Kalifoniya) ku zo mu ji

Ɗan Peninsula: Salam 'yan uwa. Garinmu na Peninsula, kudu da San Faransisko, ana ta ja-in-ja kan wani filin ajiye motoci da ke jikin tashar jirgin ƙasa na Caltrain, masu gini na son ofisoshi, wasu sun ce sai gidaje. Zaman jin ra'ayin jama'a ya kusa kuma ina so in yi magana, amma ba da ka ba. Kowa ya faɗi abin da ya gani.

Baban Tracy: Wa alaikumus salam. Ƙanina ka ce musu gidaje kawai. Haya ce ta koro mu har garin Tracy can gabas, aikina kuma yana can wajenku, tun kafin asuba nake haura tsaunin Altamont, yara na barci na fita kuma sau da yawa suna barci na dawo. Ofis ɗaya in an gina ba injiniyoyi kaɗai yake jawowa ba fa, akwai masu gadi da masu shara da masu girki, su a ina za su kwana?

Hajiya akanta: Baba gaskiyarka, amma ka san me ya sa garuruwan ke son ofis? Haraji ne. Tun dokar Prop 13 ta 1978 harajin gini a Kalifoniya kashi 1 cikin ɗari ne na kimarsa, kimar kuma ba ta hawa fiye da kashi 2 a shekara sai in an sayar. Gida yana zuwa da iyali masu son makaranta da wurin wasa da sauransu, ofis kuwa ƙarfe biyar kowa ya watse. Na taɓa zama a irin taron nan, kowa ya yarda ana buƙatar gidaje, amma a garin maƙwabta lol.

Mai keke: Ni dai zan ɗan saɓa muku Hajiya. Gidana yana kallon tashar jirgin ƙasa na BART, ina jin ƙarar jirgin daga kicin, amma da mota nake zuwa aiki saboda ofishinmu yana can cikin wani fili nesa da kowace tasha, in ka sauka sai ka jira bas da ba ta da tabbas. Daga gida zuwa tasha mutum zai hau keke ko madam ta sauke shi, amma a can ɓangaren aiki in ba za ka taka da ƙafa ba shi ke nan ka haƙura da jirgi. In an hana ofis jikin tasha ba fasa gina shi za a yi ba, bakin babbar hanya zai koma.

Magini: Kun manta korona. Bayanta tsakiyar San Faransisko wajen kashi ɗaya cikin uku na ofisoshi sun zama wayam. Mutane na cewa a mai da su gidaje, wallahi ba sauƙi, na yi aiki a irin benayen nan, faɗinsu ya yi yawa tsakiyar ba taga, banɗakuna duk a wuri ɗaya, sai an sake jan famfo ko'ina. Ku duba San Jose ma, a 2021 aka amince wa Google babban aiki kusa da tashar Diridon, ofisoshi da gidaje kusan 4,000, a 2023 aka dakatar, gidajen ma suka tsaya tare.

Hajiya akanta: Yawwa, wannan ce tambayar da za ka yi musu ɗana: in an ce haɗe za a yi, wanne za a fara ginawa, kuma in kasuwar ofis ta faɗi gidajen za su ci gaba? Kada su ce maka wurin fakin ne ya hana, dokar AB 2097 ta 2022 ta hana gari tilasta wa masu gini yin sa cikin rabin mil daga babbar tasha, sannan a 2025 gwamna Newsom ya sa hannu kan dokar SB 79 mai ba da damar dogayen benayen zama kusa da tashoshi.

Ɗan Peninsula: Na gode, na rubuta. Baba ko za ka samu zuwa? Da yamma ne.

Baban Tracy: Lokacin ina kan hanya ƙanina, ka karanta musu nawa.