Royal Assent: sa hannu, amincewa ko sahalewa?

Mai Fassara: Salamu alaikum. A labaran majalisar Birtaniya, idan ƙudiri ya kai mataki na ƙarshe, wanda ake kira Royal Assent, wasu kan rubuta "sarki ya rattaba hannu", wasu "sarki ya amince". Wanne za mu tsayar?

Barista: Wa alaikumus salam, Malam. "Rattaba hannu" daga tsarinmu aka ɗauko shi. A nan Najeriya sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa kwana 30, ko ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sai su tsallake shi, kamar yadda aka yi wa Obasanjo kan dokar NDDC, hukumar raya yankin Neja Delta, a 2000. A Birtaniya kuwa sarki ba ya sa hannu a jikin ƙudirin. Wata takardar izini daban yake sa wa hannu, mai ɗauke da sunayen ƙudirori, sannan kakakin kowace majalisa ya sanar. Dokar 1967 ce ta tsara hakan.

Hajiya Malama: Ni "amincewa" ce ba ta kwanta mini ba, don mai amincewa yana da damar ƙi. Rabon da a ƙi tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Gumurzun duk a baya yake, a majalisa. Karatu na farko suna kawai ake karantawa, ba muhawara. A na biyu ake kokawa kan manufa. Daga nan kwamiti ya bi shi sashe-sashe, a dawo da rahoto, a yi karatu na uku, a miƙa wa majalisar dattawa (House of Lords) ta maimaita. In suka saɓa kan gyara, ƙudirin ya yi ta kai-komo har su daidaita a kan kalmomi iri ɗaya. Dattawan ma jinkirtawa kawai suke iyawa: kimanin shekara ɗaya a ƙarƙashin dokokin 1911 da 1949, wata ɗaya in ƙudirin kuɗi ne. Ta wannan ƙofa dokar farauta ta 2004 ta wuce ba tare da yardar dattawan ba. Sarki dai amin kawai yake cewa.

Mai Fassara: To "albarkar sarki" fa, Hajiya?

Hajiya Malama: Ta yi daɗin ji, amma mai sauraro zai ɗauka addu'a aka yi.

Barista: Na fi karkata ga "sahalewar sarki". Sahalewa buɗe hanya ce ga abin da wasu suka riga suka shirya. A bar "sa hannu" ga shugaban ƙasa da gwamnoni.

Hajiya Malama: Na bi. Sai dai a kula, sahalewa ta mai da ƙudiri doka, amma ba lalle ta fara aiki ranar ba. Sau da yawa sai minista ya fitar da umarnin da ya sa rana, wani lokaci ma sashe-sashe. Kada a rubuta "ta fara aiki" sai an duba.

Mai Fassara: Madalla. Na shigar da "sahalewar sarki".